Mazaunin Sifika: Ƙaramin Aikin da ke Cinye Kuɗin Masu Mota

Da hantsi, a ƙarƙashin rumfar kwano, an wangale ƙofofin wata Corolla, an ɓalle marfin cikin ƙofar direba an jingine shi da bango. Mai motar na kan benci, rungume da kwalin sababbin sifiku wanda aka zabga wa lambobi da jan rubutu. Yaron gareji ya sa injin huda ya cinye kawunan ƙusoshin ribit uku da ke riƙe da tsohuwar sifika. Ta faɗo a hannunsa, soson bakinta ya rududduge, ƙura ta lulluɓe ta.

Ya zaro sabuwar daga leda ya kara a ramin, ta ƙi zama. Ramin ya fi ta faɗi. Hudojinta huɗu ne, na ƙofar uku, kuma babu wanda ya yi saiti da ɗan'uwansa.

Duk wanda ya taɓa jiran aiki a garejin masu wayarin ya san abin da ke biyowa baya. Yaro zai ce, "Oga, ba ta shiga ba." Oga kuwa, daga inda yake kwance ƙarƙashin sitiyarin wata motar, zai ce a kama ta da sukuru biyu, a cusa kwali a gefe. Nan da nan a mayar da marfi, a kunna rediyo, sauti ya tashi, a biya kuɗi a yi sallama.

Bayan 'yan makonni sai ga mai mota ya dawo. Ƙofa na karkarwa ko da labarai ake karantawa, kiɗa ba kauri, gilas kuma in an sauke shi sai a ji ya dunguri wani abu. Hukuncin da yake tafe da shi ɗaya ne: an sayar masa da jabu.

Wani lokacin da gaskiyarsa, don jabun sifiku sun cika kasuwa. Amma sau da yawa sifikar lafiyarta ƙalau. Mazauni ne ba a yi mata ba, wato zoben katako ko na roba da ake yankawa, bayansa ya dace da ramin ƙofa, gabansa ya dace da bakin sifika. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, in an rufe ƙofa ba mai ganinsa, shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Mota ta tsufa, sayen wata ya gagara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, lissafin masu motoci ya sauya. Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Motar Kwatano da ma'aikaci kan yi adashi ya saya ta koma sai dai a kalla. Wanda ya saba canza mota bayan 'yan shekaru yanzu ya rungumi tasa yana lallaɓawa: yau fenti, gobe kujeru, jibi rediyo.

Corolla da Camry da Accord da Golf da Fijo 406 da suka cika titunanmu, akasarinsu sun haura shekara 15, wasu sun wuce 20. Sifikun da suka zo da su daga kamfani takarda ce da soso ko roba a baki. Sun sha zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wanda a cikin motar da aka kulle a rana yakan zarce 60. Sun sha ƙurar hunturu, sun sha damina. Mutuwarsu ba abin mamaki ba ce.

Ga kuma yayin allon Android a dashbod. Mutum ya sa allo mai sheƙi, ya haɗa wayarsa ta Bluetooth, sai ya ji tafsirin da yake bi ko kalangun Shata na fita a shaƙe. Daga nan sai a nufi kasuwar kayan mota, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ko shagunan kayan lantarki, neman Pioneer ko JBL ko Kenwood ko Sony, sabuwa ko ta hannu.

Dalilin da ya sa ba ta shiga

Kamfanonin ƙera motoci ba don sifikar kasuwa suke yin ƙofa ba. Kowanne yana haɗa tasa sifikar da nata mazaunin roba a jiki ɗaya, da irin nasa salon kamawa. Toyota da yawa ribit uku ne. Golf 4 ribit huɗu. Honda kuwa ƙugiyoyi ne a ƙasa, da maƙali ko sukuru ɗaya tak a sama.

Masu ƙera sifikun kasuwa kuma suna da nasu awon da suka tsaya a kai: zagayayya mai inci 4, da mai inci 5 da kwata, da mai inci 6 da rabi wadda aka fi sa wa ƙofa, sai mai siffar ƙwai, inci 6 a 9, da ke zama a bayan kujerun baya. Yawancinsu hudoji huɗu ne.

Faɗin ma da sauƙi, zurfi ya fi ba da wahala. Sifikar kamfani maganaɗisunta ƙarami ne, ta kasuwa kuwa takan zo da ƙato mai nauyi. Kuma a bayan wannan rami ne gilas ke wucewa idan an sauke shi. Tsohon mazaunin roba yana turo sifika waje da 'yan santimita don ta kauce wa gilas. Da an jefar da shi an manna sabuwar a jikin ƙarfe, ta nutse ciki ta tsaya a kan hanya.

A Amurka kamfanoni irin su Metra da Scosche suna yin waɗannan mazaunai na roba, kowace mota da nata, a saya a ɗaura. A nan ba kasafai ake samun su a shagon da aka sayi sifika ba, yin odarsu kuma da dala ne, ga jira. Dole dai sai an yanka da hannu.

Iskar gaba da iskar baya

Sifika iska take turawa. Idan takardarta ta motso gaba, ta matse iskar da ke gabanta, ta kuma sassauta ta bayanta. Idan ta koma baya, abin ya juya. Muddin akwai kafa a gefenta, iskar da aka matse a gaba za ta zagaya ta cike gurbin baya, motsin ya tashi a banza kafin ya iso kunne. Sauti mai kauri, wanda matasa ke kira bes, shi ya fi cutuwa da wannan. Siririn sauti yana tsira, shi ya sa sifikar da ba a zaunar da kyau ba take da tsiwa amma ba ta da nauyi.

Kowa na iya gwadawa a gida. A kunna sifika tana riƙe a hannu, sannan a yanka rami a jikin babban kwali a kifa ta a kai. Ko kunnen da bai san kiɗa ba zai ji bambancin.

Aikin mazauni na biyu shi ne riƙo. Kwanon cikin ƙofa bai kai kaurin milimita ɗaya ba a motoci da yawa. Sifikar da aka kama da sukuru biyu tana jijjiga kwanon maimakon iska, kamar fatar kalangun da ba a ɗaure ta tam a jikin icenta ba. In kuma an matse gefe ɗaya fiye da ɗaya, ƙarfen sifikar ya murɗe, naɗin wayar da ke cikinta ya riƙa gogar maganaɗisu. Wannan ƙarar gogayyar ce ake ji a ce sifika ta fashe, alhali ranar da aka ɗaura ta aka ji mata ciwo.

Yadda ake yanka shi

Aikin yana farawa da tsohuwar sifika, wadda yara ke saurin jefawa a bola. Ita ce samfuri. A kifa ta a kan kwali, a zagaye ta da fensir, a sa alama a hudojinta. Wasu ma ba sa zuwa wurin katako. Sukan yanke takardar da maganaɗisun su zubar, su bar zoben robar, su ɗora sabuwar sifika a kansa. In faɗin ya dace, wannan dabara ta fi kowace sauƙi, don zoben ya riga ya san ƙofarsa.

In bai dace ba, sai awo. A sauke gilas har ƙasa, a gitta rula a bakin ramin, a auna daga nan zuwa jikin gilas. Sannan a auna sifika daga leɓenta zuwa gindin maganaɗisu. Abin da sifika ta fi ramin, a ƙara masa kamar rabin santimita zuwa santimita guda na sarari, shi ne mafi ƙarancin kaurin zoben.

Akwai awo na biyu da aka fi mantawa, na gaba. Tsakanin ƙarfen ƙofa da ragar marfinta ma wuri ƙayyadadde ne, ga shi sifikun kasuwa da yawa suna da ƙaramar sifika ta siririn sauti da ta tsiro a tsakiya. Zobe ya yi kauri, marfi ya ƙi rufuwa, ko ya rufu yana danne bakin sifika. Tsakanin waɗannan awo biyu ake zaɓar allo mai milimita 12 ko 18, wani lokacin a manna biyu.

Wajen yanka, ramin ciki ake fara cirewa tun allon yana da faɗin da za a danne shi. A huda ƙaramin rami, a zura bakin zarton lantarki, a bi layi a hankali. Na sifika mai inci 6 da rabi yakan kama kimanin santimita 14, amma ita sifikar ake aunawa, don kamfanoni sun ɗan bambanta. Sai a yanke zagayen waje, a bar kunnuwa a inda hudojin ƙofa suke, a bi da samfefa. Idan zoben mai kauri ne, gwanaye kan fere bakinsa ta baya don iskar bayan sifika ta sami hanyar fita.

Ba a ɗaura sukuru a katako irin wannan ba tare da an fara huda masa siririn rami ba, in ba haka ba ya tsage. Wajen kama zoben da ƙofa, noti da wasa a tsoffin hudojin ribit sun fi sukuru mai cin ƙarfe, wanda ramukan titi ke kwancewa sannu a hankali. A shimfiɗa siririn soso tsakanin zobe da ƙarfe, wani tsakanin sifika da zobe, don kada iska ta sami kafa. A bar ɗan tsagi da waya za ta bi ba tare da an matse ta ba.

Saura abu uku kafin a rufe. Na farko a taɓa wayoyin sifika da ƙaramin batirin tocila. In takardar ta motso waje, wayar da ke taɓa fos ɗin batirin ita ce ta fos. Idan aka juya ta a ƙofa ɗaya, sifikar dama na turawa ta hagu na ja, bes ya sake ɓacewa duk da kyan mazauni. Na biyu a ɗaga gilas a sauke har ƙasa ana saurare. Na uku a mayar da ledar nan da ke manne a jikin ƙofa, wadda ake yagewa a yar kamar shara. Ita ke tsare marfi da maɓallan gilas daga ruwa.

Ruwan da ke cikin ƙofa

Masu mota da yawa ba su san cewa cikin ƙofa wurin ruwa ba ne. Robar bakin gilas ba ta tare ruwan sama duka. Yana bin gilas ya gangara ciki, ya fita ta ƙananan hudoji a gindin ƙofa. Haka aka ƙera ta. A wurinmu ƙura kan toshe hudojin nan, ruwan Agusta da na masu wankin mota ya kwanta ya zama taɓo.

A nan ne zaɓin allo ke da muhimmanci. MDF, wanda kafintocin kujeru da gadaje suka saba da shi, yana da daɗin yanka, ga nauyi, ba ya amsa kuwwa. Amma garin katako ne aka matse da gam. Ya sha ruwa sai ya kumbura ya saki sukuru, damina ɗaya ta ishe shi. In dole shi za a sa, sai an shafe shi ciki da waje da fentin mai ko ruwan faiba na masu gyaran bamba, musamman bakin da zarto ya bi, don ta nan yake sha.

Allon marin da magina ke yin dakin da shi ya fi jure laima, ko da yake shi ma gefensa na son fenti. Wanda ya fi su duka shi ne roba. Farin allon PVC da masu rubuta allunan talla ke aiki da shi yana yankuwa da zarton katako, ruwa kuma bai dame shi ba. Har allon robar da ake yanka nama a kai a kicin yana yi, in mai kauri ne. Gam ba ya kama shi, amma noti yana riƙe shi da kyau.

Matasa masu injin ɗab'i na 3D ma sun fara sha'awar aikin. Sai dai robar PLA da aka fi zuba wa injinan tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da ƙofar baƙar mota ke kaiwa da azahar. ABS, mai jurewa har kusan digiri 100, ita ta dace.

Aikin da ya faɗa tsakanin sana'o'i biyu

To, in abin bai fi haka wuya ba, me ya hana a yi? A ganina, aikin ne ba shi da mai shi. Mai wayarin ya san waya da fis da batir, amma ba shi da zarto. Kafinta yana da zarto da guntayen allo jibge a bayan shago, amma bai taɓa buɗe ƙofar mota ba, bai san akwai gilas a bayan ramin ba.

Masu wayarin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce mai mota zai zuba kuɗi a sifika ba ciniki, amma da an zo kuɗin aiki sai ya tsaya taya kamar mai sayen tumatir. Yanka zobe biyu, da fenti, da jiran ya bushe, aikin yini ne. Mai mota kuwa yana tsaye yana duba agogo. Wa zai yi aikin yini a kuɗin rabin awa?

Masu sayar da sifiku su ma suna kuka, don su ake dawo wa da kaya a ce jabu ne, bayan an riga an murɗe ƙarfen ko gilas ya daki maganaɗisu. Masu mota kuma na cewa ba wanda ya taɓa yi musu bayanin akwai wani abu wai shi mazauni, da an faɗa da sun biya. Kowanne ya faɗi gaskiya daidai gwargwado, amma na fi ɗora nauyin a kan mai sana'a. Shi ya ga ramin, mai mota bai gani ba.

Mafi muni shi ne masu ɗaukar almakashin kwano su faɗaɗa ramin ƙofa don a cusa mai siffar ƙwai. Ƙarfen da aka yanke yana tsatsa, ƙofa ta rage ƙarfi, kuma ba a mayar da shi. A wasu motocin, musamman na Turai, akwai na'urar da ke jin matsin iska a cikin ƙofa don ta tayar da jakar iskar gefe idan an yi karo. Ƙofar da aka bar ta da ɓaraka na iya rikita wannan na'ura.

Lambobin jikin kwali

Wat ɗari biyar ko dubu da ake zabgawa a kwali talla ce. Lambar da ke da amfani ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, galibi da ƙananan haruffa, kuma takan zama 'yan gomomi. Rediyon mota da aka rubuta wa 50 sau 4, abin da yake bayarwa a zahiri bai wuce kimanin wat 20 ga kowace sifika ba. Matsakaiciyar sifika da ta zauna daram ta fi mai tsada da ke lilo a kan sukuru biyu.

Daga but zuwa adaidaita sahu

Masu neman ƙarar da ta fi ta ƙofa sukan koma but, a yi akwatin katako a sa babbar sifika da amfilifaya. Dokar iska ɗaya ce: kada iska ta sami kafa a mahaɗar allunan akwatin, girmansa kuma daidai da abin da kamfanin sifikar ya rubuta. Sai dai a nan haɗari ya shigo. Akwatin da ba a ɗaure shi da jikin mota ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi zai taho gaba, musamman a motocin da but ɗinsu ke haɗe da wurin zama. Kuma wayar da aka janyo daga batir dole a sa mata fis kusa da batirin, kada ya wuce santimita 45. In babu shi, ranar da ƙarfe ya ci rigar wayar, gobara ce.

A Kano, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 adaidaita sahu ya mamaye gari, kuma nan ma kafintocin akwatin sifika na samun ciniki. Ana cusa akwatin a bayan kujerar fasinja ko a ƙarƙashinta, direba na gaba yana jin daɗi, dattijuwar da ke baya kuwa ita ke shan dukan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya shi ne ƙara mai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma da ƙarar ta ɗan ƙaru lokacin ke raguwa sosai. Direban da ke wuni a cikin wannan ƙara shi zai fara biyan kuɗinta da kunnensa. Najeriya na da dokar ƙayyade hayaniya tun 2009 ƙarƙashin hukumar NESREA, amma a kan titi da wuya ka ga alamarta.

Wani ɓangare na wannan ƙure murya daga rashin mazauni yake tasowa. Mutum ba ya jin kaurin da yake nema, sai ya yi ta ƙara ƙara, har sifika ta ƙone ko maƙwabta su yi magana. Sifikar da ta zauna daidai tana ƙosar da kunne tun murya na ƙasa.

Samar da mazaunin kuwa ba wuya: motocin da suka fi yawa a garuruwanmu iri kaɗan ne, kuma ƙofar kowace Corolla mai ƙira ɗaya irin ta 'yar'uwarta ce. Kafintan da ya zauna ya cire samfurin kowace sau ɗaya, ya rataye a bango, zai iya yanka zobba da yawa daga guntayen allon da yake zubarwa, ya shafe su da fenti su bushe tun kafin a nema, ya kai wa masu wayarin da masu shagon sifika su ajiye.